Cutar Huntington: Kada a Yi Gaggawar Cewa An Samo Magani

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan labarin da kafofin yaɗa labarai suka baza a watan Satumba na 2025, cewa an samo maganin cutar Huntington. Cuta ce da ake gada daga uwa ko uba, tana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali har mutum ya kasa sarrafa motsin jikinsa, tunaninsa da halayensa su sauya. Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke ɗauke da ita, yiwuwar ya gada kashi 50 cikin 100 ce.

Abin da kamfanin uniQure ya sanar shi ne maganinsa, AMT-130, ya rage saurin tsanantar cutar da kashi 75 cikin 100 a tsawon shekara 3. Labari ne mai daɗi ƙwarai, amma sakamakon mutum 29 kaɗai aka duba, kuma wannan lissafi ya fito ne daga mutum 12 da suka karɓi kaso mafi yawa, waɗanda aka auna su da bayanan wasu majinyata da ba sa cikin gwajin. Ga shi sai ta hanyar tiyatar ƙwaƙwalwa mai ɗaukar awanni da yawa ake zuba maganin. A watan Nuwamba ma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta nuna wa kamfanin cewa ba lallai bayanan su isa a ba shi izinin sayar da maganin ba.

Iyalan da cutar ta addaba sun taɓa ɗanɗana irin wannan. Sun ɗora buri a kan wani magani mai suna tominersen, wanda ake yi wa majinyaci allurarsa a gadon baya, sai ga kamfanin Roche ya dakatar da ba da shi a watan Maris na 2021, bayan kusan mutum 800 sun shiga gwajin, domin waɗanda suka fi yawan karɓarsa jikinsu ya fi taɓarɓarewa.

Ina kuma tuna talakawan gaɓar tafkin Maracaibo a Benezuwela, waɗanda jininsu ya taimaka aka gano ƙwayar halittar cutar a 1993, alhali yawancinsu ko asibiti mai kyau ba sa samu, balle tiyata mai tsada.

Roƙona shi ne, duk lokacin da za ku kawo labarin gwajin magani, ku faɗa mana mutum nawa aka gwada, da wa aka auna su, kuma wa zai iya biya.

Wassalam,
Wani mai karatunku, Zariya.