A Riƙa Tambayar Majinyata Yadda Aka Kula Da Su A Asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan halin da mutum ke shiga idan an ba shi gado a asibitocinmu. Duk lokacin da aka tayar da zancen lafiya a ƙasar nan, gine-gine da injuna da tsadar magani da yajin aikin likitoci ake ambata. Babu wanda zai raina waɗannan. Amma ba a cika taɓo yadda ake riƙon shi kansa marar lafiyar ba tun daga ranar da aka kwantar da shi har ranar sallama: barcinsa, cimarsa, suturarsa, ibadarsa, da fargabar da ke cin ransa. Tun a 1946 kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce lafiya ta haɗa jiki da hankali da zaman mutum cikin jama'a, ba rabuwa da cuta kaɗai ba. Mun amince da wannan a takarda, amma bai shiga ɗakunan kwanciyarmu ba.

Bara na yi jinyar yayana a wani babban asibitin gwamnati bayan an yi masa aiki a ciki. Aikin ya yi kyau, har gobe ina yi wa likitan addu'a. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zagayen safe. Likitoci da ɗalibai za su kewaye gadon, a yaye masa riga a gaban kowa domin babu labule, a yi ta zuba Turanci a kansa, a yi rubutu a fayil, a wuce gado na gaba. Dattijo ne mai jikoki. Suna juya baya sai ya kamo hannuna ya ce, "Me suka ce? Abin ya ɓaci ne?" Ni ma ban sani ba. Haka ya wuni yana ganin ɓoye masa wani abu ake yi, ko ruwan koko ya ƙi sha.

Da dare wata nas da ta karɓi aiki ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Baba, wannan robar ruwan da ya taru take fitarwa, da ya ragu za a cire ta. In tari ya zo maka, ka danna filo a kan ɗinkin. Gobe za mu tayar da kai ka ɗan taka, don kada jini ya daskare a ƙafa." Maganar ba ta ɗauke ta lokaci ba. A daren ya yi barci, da gari ya waye shi da kansa ya nemi kunu.

Abin da wannan baiwar Allah ta yi haƙƙinsa ne ta ba shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, cikin harshen da yake ji. A watan Yulin 2018 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata, wanda ya ƙunshi samun bayani, da rufin asiri, da mutuntawa, da damar kai ƙorafi. Mutum nawa ne a ɗakin kwanciya suka taɓa jin labarinsa da Hausa?

Sai batun barci da muhalli. Fitila a kunne har asuba, wani na amsa waya da ƙarfi, wani na sauraron wa'azi ko waƙa ba tare da abin kunne ba, ga sauro, ga zafi in an ɗauke wuta, ga banɗaki babu ruwa. Wani zai ce ai wannan zancen jin daɗi ne. To, a 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya kwatanta majinyatan da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a Jihar Pensilbaniya. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba. In taga kaɗai ta yi wannan tasiri, ina ga barci mai daɗi da gidan sauro?

Ibada ma haka take. Mutumin da bai taɓa barin salla ba, ga ƙarin ruwa a hannu ga robar fitsari, damuwarsa ta farko ita ce yaya zai yi tsarki. Ƙaramin dutse na taimama a gefen gado, da alamar alƙibla a bango, da malami ko fasto da asibiti ya san da zuwansa, duk ba su kai kuɗin allura guda ba. Haka mace da ke son 'yar'uwarta mace ta duba ta in da hali. Kuma idan majinyaci ya saki jiki da ma'aikata, shi ne zai faɗa musu jiƙon da aka shigo masa da shi a fulas daga gida, wanda wani lokaci yake karo da maganin likita ko ya taɓa ƙoda. In tsoro ne tsakaninsu, a ɓoye zai sha.

Kada mu manta da mai jinya. Shi ke sayo magani a kemis, shi ke neman masu ba da jini, shi ke ɗebo ruwa, ya zubar da fo, ya juya marar lafiya, sannan ya shimfiɗa tabarma a baranda masu gadi na korarsa. Rabin aikin ɗakin a wuyansa yake, amma babu wanda ya koya masa wanke hannu yadda ya kamata, ko yadda ake juya wanda ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo, ko abincin da ya dace da mai ciwon suga. Ga kuma tunanin kuɗi, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fita. Na ga magidanci ya nemi a sallame shi bai warke ba saboda lissafin gado. Akwai sashen jin daɗin jama'a a manyan asibitoci, kamata ya yi su riƙa zuwa bakin gado tun kafin mutum ya sayar da gonarsa.

Ba na ɗora wa ma'aikatan jinya laifin duka. A farkon 2024 hukumar da ke yi musu rajista ta ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Wadda aka bar wa ɗaki cike da gadaje ita kaɗai da dare, da fitilar waya a hannu, ina za ta samu sukunin zama da kowa? A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Wanda ba a kula da shi ba, da wuya ya iya kula da wani.

Babban abin da nake nema shi ne a riƙa tambayar majinyata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Amurka ana bin waɗanda aka sallama da tambayoyi iri ɗaya a ko'ina, ana buga sakamakon tun 2008, daga 2012 ma ya shafi kuɗin da gwamnati ke biyan asibiti. A Ingila ma ana tambayar majinyata ra'ayinsu a kan kulawar da suka samu. Mu muna da SERVICOM, ofishin da ke karɓar koken jama'a a kan ayyukan ma'aikatun gwamnati, tun 2004, amma akwatin ƙorafi ba ya amfanar wanda bai iya rubutu ba. Sannan Bahaushe mutum ne mai kunya da kawaici. Ko yana murƙususu, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Yana kuma tsoron in ya yi magana a juya masa baya. Don haka sai an sallame shi za a tambaye shi, da baki, da harshensa, kuma wanda ba ma'aikacin ɗakin ba. A yi tambaya ƙarara: An gaya maka sunan ciwonka? An faɗa maka amfanin maganin da aka ba ka? Da ka kira, an zo? An rufa maka jiki lokacin dubawa? Ka samu barci? An karɓi wani kuɗi ba rasit?

Gamsuwar da nake nufi ba biye wa son rai ba ce. Da yawa daga cikinmu sai an yi musu allura ko ƙarin ruwa suke jin an duba su, kuma likitan kirki zai hana in babu buƙata. Sai dai ya faɗi dalili.

Ina kira ga kwamishinonin lafiya da shugabannin asibitoci su fara wannan tambaya, su liƙa sakamakon a ƙofar shiga duk wata uku, a kuma fassara kundin haƙƙoƙin nan da Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a rediyo. Ku kuma, Edita, don Allah ku tura wakilanku ɗakunan kwanciya da dare, su zanta da masu jinya da nas-nas ɗin da ke bakin aiki, ku buga mana abin da suka gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Funtuwa, Jihar Katsina