Faifan Jaz Na Bugun Farko Da Wanda Aka Sake Fitarwa: Gyara Ga Shirinku Na Kaɗe-kaɗe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan gidan rediyonku, ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci a kan wata magana da ta fito a shirinku na kaɗe-kaɗen ƙasashen duniya. Mai gabatarwa, yayin da yake sanya kiɗan jaz na Amurka, ya ce duk faifan da aka sake fitarwa kwaikwayo ne kawai, kuma wanda yake son jin kiɗan yadda aka yi shi sai ya nemi bugun farko, domin da tsohuwar zuma ake magani. Na daɗe ina tara faya-fayan jaz, ni da wasu abokai 'yan ƙalilan da muke musayar su a tsakaninmu, kuma wannan ita ce gardamar da ba ta ƙarewa a duk lokacin da muka zauna. Ra'ayina shi ne zumar tana cikin tef ɗin asali da aka naɗi kiɗan a kansa ranar da makaɗan suka shiga ɗakin naɗa, shi kuwa faifai, na farko ne ko na goma, daga wannan tef ɗin aka ɗebo shi.

Ban ga laifin masu son bugun farko ba, domin suna da hujjarsu. Kamfanin Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a birnin New York a 1939, shi ne wanda masu tarawa suka fi yi wa bin diddigi. Za ka ga mutum ya ɗaga faifai yana karanta adireshin kamfanin da aka buga a takardar tsakiya, ko na titin Lexington ne ko na 47 West 63rd, sannan ya karkata shi wajen haske yana neman haruffan RVG a filin da ke bayan waƙar ƙarshe, wato shaidar cewa injiniyan naɗar sauti Rudy Van Gelder ne da kansa ya yanka faifan, ma'ana shi ya zana sautin tef ɗin a kan faifan asali da ake buga sauran daga gare shi. Shi wannan Van Gelder a falon gidan iyayensa da ke Hackensack ya riƙa naɗar manyan makaɗa har zuwa 1959, lokacin da ya koma ɗakin da ya gina a Englewood Cliffs. Hujjar masu bugun farko ita ce an yanka faifan tun tef ɗin yana sabo, kuma wanda ya naɗi kiɗan shi ne ya yanka shi. Sai dai farashin ya daɗe da rabuwa da maganar sauti. Akwai faifan Hank Mobley na 1957, mai lamba 1568, wanda ake sayar da bugunsa na farko a kan dubban daloli, kuma abin da ya sa shi tsada shi ne ƙarancinsa. Ga mu nan kuwa da muke fama da zafin bazara mai lanƙwasa faifai da ƙurar hunturu mai cika ramukansa, zuba irin wannan kuɗi a kan abin da allura take ci a kowane sauraro ba dabara ba ce.

Abin da ya fi rusa maganar mai gabatarwarku shi ne labarin faifan jaz da ya fi kowanne shahara, wato Kind of Blue na Miles Davis, wanda kamfanin Columbia ya naɗa a zama biyu cikin watannin Maris da Afrilu na 1959. A zaman farko, na'urar da ta ɗauki tef ɗin da aka yi amfani da shi wajen buga faifan sitiriyo, wato mai raba sauti ga lasifika biyu, tana gudu ƙasa da yadda ya kamata, saboda haka da aka juya tef ɗin a na'ura mai lafiya sai waƙoƙi uku na fuskar farko suka ɗan ƙara sauri, muryar kiɗan ta ɗan hau sama. Sama da shekara talatin mutane suna saye suna yabawa, masu koyon busa suna mamakin abin da ya sa kayan busarsu ba sa daidaita da faifan, har sai a 1992 da aka koma ga tef na biyu da wata na'urar ta ɗauka a ranar aka gyara kuskuren. Ke nan wanda yake da bugun sitiriyo na farko yana da abin tarihi mai daraja, amma wanda ya sayi bugun baya shi ne yake jin abin da Miles Davis da John Coltrane da Bill Evans suka kaɗa a gudun da suka kaɗa shi.

Su ma masu cewa kunnensu ba ya kuskure sun sha kunya a 2022. Kamfanin Mobile Fidelity ya shahara da sake buga tsofaffin faya-fayai masu tsada, kuma masu saye sun ɗauka kai tsaye ake yanka su daga tef ɗin asali ba tare da sautin ya bi ta kwamfuta ba. Sai wani mai shagon faya-fayai a birnin Phoenix ya tayar da maganar, kamfanin kuma ya amsa cewa ya yi shekaru yana fara kwafe tef ɗin zuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin ya yanka faifan. An kai ƙara kotu, daga baya aka sasanta. Laifin ɓoye gaskiya yana kan kamfanin, babu shakka, amma abin lura shi ne mutanen da suka daɗe suna rantsuwa cewa suna gane sautin da ya bi ta kwamfuta daga jin farko su ne suka riƙa yabon waɗannan faya-fayai suna cewa ba a taɓa yin kamarsu ba.

Inda mai gabatarwarku yake da gaskiya shi ne akwai sake fitarwa ta ganin dama. A ƙasashen Tarayyar Turai, haƙƙin mallakar sautin da aka fitar kafin 1963 ya ƙare bayan shekara 50, kuma dokar da ta tsawaita wa'adin zuwa shekara 70 ba ta waiwayi waɗanda nasu ya riga ya ƙare ba. Wannan ya ba wasu ƙananan kamfanoni damar buga kusan dukkan jaz na shekarun 1950 ba tare da sun taɓa ganin tef ɗin asali ba: su kwafo daga faifan CD na wani, su canza hoton bango, su buga a faifai mai nauyi su kai kasuwa. Irin waɗannan ne suka fi saurin isowa hannunmu saboda arha, kuma su ne suka ɓata wa sauran suna. Hanyar gane su ba ta da wuya, domin kamfanin da ya yi aiki da tef ɗin asali yakan rubuta hakan a bango, ya ambaci wanda ya gyara sautin, kamar yadda Blue Note yake yi a jerin Tone Poet da ya fara a 2019, shi kuwa mai kwafe ba ya cewa komai.

Akwai kuma gardamar naɗin da makaɗa suka yi suka ajiye ba su fitar ba, wanda ake cusa shi cikin sabon bugu. Ina cikin masu son jin su, domin a jaz ba a busa waƙa iri ɗaya sau biyu, amma ban yarda a jera naɗi uku na waƙa guda a tsakiyar faifai a rusa tsarin da mai kiɗan ya zaɓa ba. Wurinsu ƙarshen faifai, mai so ya ƙarasa.

Duk wannan ya dawo da mu ga abu biyu waɗanda in babu su babu sake fitarwa mai kyau: a adana tef, a kuma adana bayaninsa. Lokacin da Michael Cuscuna, wani mai shirya faya-fayan jaz, ya samu izinin shiga ma'ajiyar Blue Note a tsakiyar shekarun 1970, ya tarar da tef masu yawa da ba a taɓa fitarwa ba, da dama babu cikakken bayanin waɗanda suka yi kiɗan, sai da ya riƙa saurare yana tuntuɓar makaɗan da suke raye kafin ya gane wane ne ya busa me. Daga wannan aikin ne shi da Charlie Lourie suka kafa kamfanin Mosaic, wanda ya fara a 1983 da tattara duk abin da Thelonious Monk ya naɗa wa Blue Note, kowane kwali da ɗan littafinsa mai ɗauke da ranar naɗi da sunan kowane makaɗi. A wurina wannan ɗan littafin bai gaza faifan daraja ba.

Tef kuwa abu ne mai saurin salwanta. A ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta cinye wata ma'ajiya a harabar Universal da ke Kalifoniya, kuma sai a 2019 mujallar jaridar New York Times ta bayyana cewa tef na asali fiye da dubu ɗari ne suka ƙone, ciki har da na kamfanonin Decca da Impulse da suka naɗi manyan makaɗan jaz, kodayake kamfanin ya musanta cewa asarar ta kai yadda aka faɗa. Wani lokaci ma ba gobara ba ce, sakaci ne. Tef ɗin zaman da John Coltrane ya yi a ɗakin Van Gelder ranar 6 ga Maris 1963 ya ɓace daga ma'ajiyar kamfani, kuma abin da ya cece shi shi ne kwafin da aka ba Coltrane ya tafi da shi gida don ya saurara, wanda ya zauna a hannun dangin matarsa ta farko, Naima, har aka fitar da shi a 2018.

Misalin da ya fi shafar ku, ranku ya daɗe, na gidan rediyo ne. A ranar 29 ga Nuwamba 1957 Muryar Amurka ta naɗi wani wasa a zauren Carnegie da ke New York, inda Monk ya kaɗa fiyano, Coltrane yana busa tare da shi. Mutanen biyu sun yi watanni suna wasa tare a wannan shekara a wani ƙaramin gidan rawa mai suna Five Spot, masana kuma sun yarda a lokacin ne busar Coltrane ta sauya ta zama abin da duniya ta sani, amma abin da aka naɗa na haɗuwarsu kaɗan ne ƙwarai, har masu sha'awa suka haƙura. Ba a watsa naɗin na Carnegie ba. Tef ɗin ya bi sauran kayan tashar zuwa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, ya zauna a kwali, har a 2005, shekara 48 bayan wasan, wani ma'aikacin wurin, Larry Appelbaum, yana aikinsa na yau da kullum na kwafe tsofaffin tef, ya ci karo da shi. Abin da ya ja hankalinsa ɗan rubutun hannu ne a jikin kwalin, mai nuna ranar wasan da sunan Monk. Blue Note ya fitar da shi a wannan shekarar, kuma babu wani bugun farko da za a gwada shi da shi, domin wanda ya fito bayan kusan rabin ƙarni shi ne na farkon.

Kada a ɗauka wannan labarin nesa ne da mu. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na jaz, Musulmi ne da ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani. A 1983 ya naɗi kiɗa tare da makaɗan ƙasar nan: faifansa mai suna In Nigeria ya fito a Amurka a 1985, wani kuma mai suna Hikima ya fito a nan gida, ya yi wuyar samu har masu tarawa a ƙasashen waje suka riƙa farautarsa, kafin wani ƙaramin kamfani ya sake fitar da shi a 2019. Da za a bi ƙa'idar mai gabatarwarku, da mutanen garin da Lateef ya zauna a cikinsa ba za su taɓa jin wannan aiki ba. Kafin shi ma, Louis Armstrong ya zo Najeriya a rangadinsa na Afirka a 1960, akwai kuma hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna.

Saboda haka ina da roƙo. Ku sa a shiga ma'ajiyarku a ƙirga tsofaffin tef da faya-fayan garmaho da ke ciki, a rubuta abin da ke jikin kowane kwali a littafi tun kafin rubutun ya dushe, a kuma fara kwafe waɗanda suka fi tsufa zuwa kwamfuta ba tare da an zubar da na asalin ba. A duba ko akwai hira ko wasa na baƙin makaɗa irin su Lateef. Aikin kuma ba zai tsaya a kan jaz ba, domin abin da muke saye a kasuwa na Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos yawancinsa kwafin kwafi ne, ya bi ta kaset bayan kaset har kalangu ya dushe, babu shekarar naɗi, babu wurin da aka yi wasan, babu sunan ko ɗaya daga cikin makaɗa da 'yan amshi. Tsofaffin ma'aikatanku da suka riƙe makirfo a wancan zamani, da 'yan amshin da suka rage a raye, su ne za su iya cike wannan bayani, kuma ya kamata a zauna da su da na'urar naɗa tun yanzu.

Shi kuma mai gabatar da shirin, wanda nake jin daɗin zaɓinsa ƙwarai, ina roƙon duk lokacin da ya sanya kiɗan jaz ya riƙa faɗin shekarar da aka naɗa shi, da kamfanin da ya fitar, da sunayen waɗanda suke busa da kiɗa a ciki, sannan ya faɗa mana ko bugun farko yake sanyawa ko wanda aka sake fitarwa. Idan kun buɗe fili ga masu sauraro a kan wannan batu, ni da abokaina a shirye muke mu kawo bugu biyu na faifai guda, a sanya su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an faɗi wanne ne wanne ba, masu sauraro su bugo waya su zaɓa.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa tasharku ɗaukaka.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya