A riƙa gaya wa fasinja halin teku

Malam Edita,

Masu tallar jiragen ruwa na yawon shaƙatawa kullum teku kwance suke nunawa. Mu kuwa a mashigin Biskay, tsakanin Faransa da Sifen, igiyar ruwa ta taso mana cikin dare. Faranti na zubewa ƙasa, wata dattijuwa ta ƙanƙame ƙarfen matakala, jiri da amai sun hana ta motsi. Har yau abin na ci mini rai. Ɗakunan ƙasa na tsakiyar jirgi sun fi ƙarancin girgiza, amma ba wanda ya faɗa mata.

A Maris 2019 injinan wani jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Viking Sky suka tsaya cikin guguwa a gaɓar Norway, sai da helikwafta aka kwashe ɗaruruwan mutane. Don Allah kamfanoni su riƙa yi wa tsofaffi bayani kafin su karɓi kuɗinsu.