Ina za ka zuba makin nan?

Mutumina,

Salamu alaikum, ya kake, ya aiki, ya kwana biyu? Na ga saƙonka wai ka fara gem ɗin Elden Ring kuma Margit, babban abokin gaban nan na farko-farkon wasan, ya hana ka sakat. Wallahi da na ga hoton da ka turo sai da na yi dariya, ka bi ka raba makin da kake samu in ka ƙara mataki, ƙarfi kaɗan, sihiri kaɗan, zafin nama kaɗan, sai ka ce mai raba wa yara alawa kar wani ya yi kuka. Ai dole a ringa yi maka duka biyu ka faɗi.

Ni dai shawarata ka fara da jini. A farkon gem ɗin nan duk makin da ka sa a ƙarfi ba wani ƙara maka duka yake sosai ba, kai makami wurin maƙeri a ɗaga shi ya fi tasiri nesa ba kusa ba, to ka ba wa makaminka iya abin da yake nema don ka iya riƙe shi kawai, sauran duka ka tura Vigor, wato makin da ke ƙara jini, har 40, a nan jininka ya kai 1450. A 60 kuma 1900, daga nan fa ka tsaya, don ko 99 ka kai 2100 ne kacal, asara ce.

Sannan ka zaɓi hanya ɗaya ka bi. In takobi mai nauyi kake so, to ƙarfi, kuma in ka riƙe shi da hannu biyu ana lissafa ƙarfinka da ƙarin rabi. In sihiri ne, ka ƙyale ƙarfin nan haka.

Amma kar ka ɗauki wannan ka kai kowane gem fa. A Baldur's Gate 3 lamba mai mara ba ta ƙara komai, 14 da 15 duk ɗaya suke a aiki sai ka kai 16. A Fallout na 1997 kuwa in ka rage basira sosai ko magana mai kyau ɗan wasanka ba zai iya ba, ni wannan yana burge ni, wasu da gangan ma suke yi.

A Elden Ring ɗin naka kuma, kar ka goge ka faro daga farko. In ka ci Rennala, wata babbar abokiyar gaba da za ka haɗu da ita a gaba, za ta ba ka damar sake rabon makinka da wani abu da ake samu a gem ɗin mai suna Larval Tear, sai dai ba su da yawa, ka ririta.

Ka turo min hoton makamin da kake riƙe yanzu in gani. A gaida mutan gida.

Naka.