Basaraken Sikotland da ya ajiye sarauta don siyasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili, jiya a majalisarmu ta Kofar Mata muna shan shayi aka yi ta musu wai dan sarauta ba ya iya siyasar kuri'a, ni kuwa nace to ku duba Alek Daglas-Hiyum na Sikotland. Shi ne na 14 da ya gaji sarautar gidansu, amma a 1963 da jam'iyyarsa ta Konsabatib ta tsayar da shi ya zama firaministan Birtaniya sai ya ajiye sarautar kacokan, ya fita neman kuri'a a mazabar Kinros kamar kowa, kuma ya ci. Wallahi wannan abu yana burge ni.

Shekara daya kawai yayi, a 1964 Harol Wilson ya kada shi, bai tada kura ba. Abinda ya fi taba ni ma shi ne a 1970 ya yarda ya zama ministan harkokin waje a karkashin Edwad Hit, wanda ya gaje shi a shugabancin jam'iyya. Ya rasu a 1995.

Edita ku dan rika kawo mana tarihin irin wadannan mutane, matasanmu suna karantawa.

Naku,
Mai karatu daga Kofar Mata, Kano