Zuwa ga ɗana, game da akwatin kaset-kaset ɗin Kermit

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton akwatin da ka buɗe. Ka ce kewar shirin nan na 'yan tsana, The Muppet Show, ta taso maka, kana so ka samo bidiyo ka kunna wa yara kaset-kaset ɗin su ga abin da kuka taso kuna kallo. Niyya ce mai kyau. Amma ka dakata, kada ka zura ko ɗaya cikin na'ura sai ka karanta wannan har ƙarshe. Kaset ɗin da ya shekara talatin a ajiye, kunnawar farko ita ce ta fi kashe shi.

Bari in fara da darajar abin da ke hannunka, don ka san me ya sa nake tsawaitawa. Jim Henson, Ba'amurke, shi ya ƙirƙiri shirin, amma manyan tashoshin Amurka sun ƙi karɓarsa. Wani attajirin talabijin na Ingila, Lew Grade, shi ya zuba kuɗi, aka riƙa ɗauka a situdiyon Elstree da ke arewa da Landan, aka nuna shi daga 1976 zuwa 1981. Zango 5 aka yi, kowanne da kashi 24, jimla 120. Tsarinsa na gidan wasa ne: Kwaɗo Kermit yana bayan labule yana fama da 'yan wasa marasa jin magana, ana fitowa da waƙa, da rawa, da barkwanci, kowane mako da baƙo ɗan Adam, galibi ɗaya. Tsofaffin nan biyu da ke zaune a bene suna kushe komai, Statler da Waldorf, sunayen otal-otal ne na New York aka laƙaba musu. Henson ya rasu a 1990, kamfanin Disney ya sayi 'yan tsanan a 2004.

Za ka ce, to ai akwai shi a faifai da intanet, me ya kai ka ga wahalar tsohon kaset? Akwai, amma da giɓi. Zango na 1 ya fito a DVD a 2005, na 2 a 2007, na 3 a 2008, daga nan aka tsaya; na 4 da na 5 ba su taɓa fitowa cikakku a faifai ba. Ko a na farkon ma an cire wasu waƙoƙi, saboda haƙƙin mallakar waƙa dabam yake da na shiri, kuma izinin da aka biya don nunawa a talabijin bai haɗa da sayarwa a faifai ba. A Fabrairun 2021 Disney+, tashar kamfanin ta intanet, ta ɗora duka zangunan, nan ma da kashin da babu da waƙoƙin da aka yanke. Sannan a kowane kashi akwai ɗan yanki na kamar minti 2 da aka yi don masu kallo a Ingila, inda talla ba ta cin lokaci sosai, wanda a lokacin talabijin ɗin Amurka ba su nuna ba. Saboda haka kaset ɗin da aka naɗa a gida daga talabijin yana iya ɗauke da abin da ba ka da wata hanyar samu. Ga kuma tallace-tallacen zamanin da muryar mai sanarwa a tsakani, waɗanda a ganina su ne rabin kewar da kake ji. Kada ka yanke su.

Yanzu aikin. Ka fito da su duka a wuri mai haske, ka duba kowanne ta tagar nan mai garai-garai ta gaba. Zare mai lafiya baƙi ne, naɗinsa sumul. In ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, ko wani abu kamar saƙar gizo a gefen naɗin, fumfuna ce. Ware wannan a leda dabam. In ka kunna shi, fumfunar za ta toshe kan na'urar, wato ɗan abin da ke karanta zaren, ta kuma bi duk kaset ɗin da ya biyo baya. Irin waɗannan sai a ƙarshe, a hannun mai gyara, da wata na'urar da ba a jin asararta, shi ma ya rufe hancinsa. Ka danna ɗan maɓallin da ke gefe ka ɗaga murfin gaba, ka ga ko zaren ya yamutse ko ya tsinke. In ya tsinke, kada ka haɗa shi da salatif. Danƙonsa yana narkewa ya tsatso, ya manne a kan na'ura. Kwance sukurori biyar ɗin da ke ƙasa ake yi, a raba zaren gida biyu, kowane rabi a ɗaura shi a kwanson wani kaset da ba a so. Daƙiƙa biyu ko uku za ka rasa, sauran ya tsira.

Kafin komai, ka karya ɗan harshen roba da ke bayan kowane kaset, kusa da inda ake manna takardar suna. Muddin yana nan, yaro ɗaya ya danna jan maɓalli ya isa ya shafe kashi guda.

Sai ka karanta rubutun da ke jikinsu. Mai E-180 awa 3 ne, na tsarin hoton talabijin da ake kira PAL, irin na Ingila da Najeriya. Yana ɗaukar kashi bakwai tunda kowanne kamar minti 25 ne. Mai T-120 na kasuwar Amurka ne, inda ake amfani da NTSC. Bambancin ba na suna ba ne kawai. PAL layi 625 ne da hoto 25 a daƙiƙa, NTSC layi 525 da hoto kusan 30, gudun zaren ma ba ɗaya ba ne. Na'urar da PAL kaɗai ta sani, in ka ba ta naɗin NTSC, ko dai hoto ya yi ta birgima ko murya ta shaƙe. In akwai wanda aka naɗo daga tashar Nijar ko Faransa, SECAM ne, zai fito maka baƙi da fari, kada ka zaci ya lalace. Maganin duk wannan shi ne na'ura mai karanta tsari da yawa, za ka ga an jera PAL, SECAM da NTSC a goshinta. In kuma an naɗa da LP don a ninka awa 3 ta zama 6, hoton zai fi rauni, kuma ba kowace na'ura ce ke bin sawunsa daidai ba.

Sabuwar na'ura babu. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera su, ya daina a 2016, sai dai ta hannu. Ka nemi Panasonic ko JVC mai kai huɗu, in da hali mai sauti na Hi-Fi. Ka tafi da kaset ɗin banza ka gwada a gaban mai sayarwa: ta karɓa, ta kunna, ta tura gaba, ta tariyo, ta fitar, sau biyar a jere. In ta fito da zare yana reto ko gefensa ya tattare, bel ya saki ko tayar robar nan da ke matse zare ta ƙandare. Su biyun nan ne ke sa a ce bidiyo ta ci kaset, kuma canza su ba tsada. Ka duba bayanta. In an rubuta 120V, ta Amurka ce, ka sa ta a wutarmu ta 230 ba taransifoma, hayaƙi za ka gani.

Wanke kan na'ura yana da ƙa'ida. Ka cire wuta, ka buɗe murfi, za ka ga wata ganga mai sheƙi a karkace, kawunan ƙanana ne a cikin 'yan ramuka a gindinta. Ka jiƙa farar takarda da sifirit mai ƙarfi, irin na isofurofil da ya haura kashi 90, ka dafa ta a jikin gangar da yatsa, ka juya gangar a hankali da ɗaya hannun. Takardar a tsaye take, ganga ce ke juyawa. Kada ka goga sama da ƙasa, kan zai ɓalle. Kada ka yi da auduga, zarenta yana maƙalewa. Ka bari minti 10 ta bushe.

Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne raɓa. In ka ɗauko na'ura ko kaset daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa mai zafi, musamman da damina, gumi yana kwanta wa gangar, zare ya manne mata ya nannaɗe. Ka bar su a ɗakin da za a yi aikin su kwana.

Ka sa a ranka cewa kunnawar farko ita ce ta kwafa. Ba a kallon gwaji da tsohon zare, domin kowace wucewa tana kankare ɗan abin da ke riƙe da hoton. Abin da aka yarda kawai shi ne ka tura shi gaba har ƙarshe ka tariyo sau ɗaya, don naɗin da ya daɗe a matse ya saki. Kayan da kake buƙata: ƙaramar na'urar kwafar bidiyo mai shiga USB, wayar nan mai kai uku, rawaya ta hoto, ja da fara ta sauti, da kwamfuta mai manhaja irin OBS Studio, wadda kyauta ce. Ka saita girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa ga PAL. Ga NTSC 720 da 480. Siffar 4:3 ce, kada ka ja ta ta cika faffaɗan allo, Kermit zai koma kamar an taka shi. In farin layi yana yawo a ƙasan hoto, ka daidaita da maɓallin tirakin, wanda a na'urori da yawa shi ne na canza tasha yayin da kaset ke tafiya. In NTSC ya fito ba launi a kwamfuta alhali a talabijin yana da launi, na'urar ce ke fitar da gauraye da ake kira PAL-60, sai ka zaɓi wannan a saitin manhajar.

Kaset ɗin kamfani, irin tarin da aka fitar a Amurka a 1985, wasu suna da kariyar hana kwafa. Alamarta hoto ya riƙa yin haske yana dishewa. Kada ka ɓata lokaci a kansu, waɗanda aka naɗa a gida su ne ba su da madadi, kuma ba su da wannan matsalar.

Ba a yi wa aikin gaggawa: kaset na awa 3, awa 3 zai ci. Kada ka yarda ka fara a kan wutar gari ko janareta mai hawa da sauka. In aka ɗauke wuta zare yana naɗe a ganga, fito da shi sai an buɗe na'ura. Ka ɗora bidiyon da kwamfutar a kan inbata, bidiyo ba ta da cin wuta, ba ta kai fankar sama ba. Game da wurin ajiya, in ka kwafa da tsarin MP4 mai kyau, awa ɗaya za ta ci gigabait 2 zuwa 3, kaset 20 masu awa 3 ba za su wuce gigabait 180 ba. Ka sa wa kowane fayil lambar kaset da sunan baƙon kashin, domin da baƙi ake gane su. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje, ɗaya a gidan ƙanwarka. Na gida ne, ba na sayarwa ko watsawa a YouTube ba, shirin yana da masu shi.

In ka gama kada ka zubar da kaset-kaset ɗin. Ka tariyo su, ka mayar da su kwalayensu, ka jera su a tsaye kamar littattafai, domin kwanciya tana sa naɗin ya zame gefensa ya lanƙwashe. Nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, nesa da taga da ɗakin da ke ƙarƙashin kwano. Robar ajiya mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ta isa ta tare ƙurar hunturu da danshin damina. In kuma ka sayi faifan DVD ɗin, ka lura da lambar yanki: na Amurka 1, na Ingila 2, mu muna 5, sai na'urar da ba ta zaɓe.

Saura maganar yara. Sunan shirin yara yake ɗauke da shi a wurinmu, amma don iyali duka aka yi shi, kuma barkwancinsa da yawa na manya ne. Akwai shigar wasu baƙi da ba ta dace da tarbiyyar gidanka ba, akwai wasan soyayyar da Miss Piggy, 'yar tsana mai siffar alade, ke bin Kermit da shi, akwai kuma inda aka kwaikwayi wasu al'ummu da raini, har Disney da kanta ta sa gargaɗi a farkon wasu kashi-kashin. Tunda dole ka zauna yayin kwafa, ka riƙe biro ka rubuta minti nawa ne abin da za a tsallake. Amaryata za ta tambaye ka me ya sa alade ke sa jan baki, ka shirya amsa tun yanzu. Kuma kada ka ji haushi in sun tashi bayan minti goma. Idon da ya saba da hoton waya zai ga hoton kaset dishi-dishi, Turancin ma yana da sauri. Kashi ɗaya a zama ya isa, kana gefe kana fassara.

Ka fara musu da kashin mawaƙi Harry Belafonte in yana ciki, a zango na 3 yake. A ƙarshensa ya ba da labarin wani mai tatsuniya da ya haɗu da shi a Gini, aka kuma yi waƙar da 'yan tsana masu siffar fuskokin sassaƙa na Afirka. Akwai kuma inda ya yi gasar ganga da Animal, ɗan tsana makaɗin shirin, wannan ba ya buƙatar fassara.

Ka turo mini hoton bayan na'urar kafin ka biya kuɗi, da jerin abin da aka rubuta a jikin kowane kaset. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka.