A bar kiran 112 ya hau kowane ƙarfen sabis

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni direba ne, shekarata 14 ina jigilar fasinja tsakanin Katsina da Daura. A daminar da ta wuce, bayan sallar isha'i, na tarar da wata mota ta kife a gefen titi tsakanin Mashi da Daura. Mutum uku ne a ciki, ɗaya jini na kwarara daga kansa. Na zaro waya, layina babu sabis ko sanda ɗaya. Na buga 112, lambar kiran gaggawa, sau uku bai shiga ba. Allah ya sa wani fasinjana yana da layin wani kamfani daban, kuma wayarsa cike take da sabis, da ita muka nemi taimako.

Tun ranar abin yake cina. Tunda wayar bawan Allahn nan ta kama, ai akwai ƙarfen sabis a kusa ke nan. To me ya hana kirana hawa kansa? Da ni kaɗai ne a motar fa?

Wayar hannu an ƙera ta da wannan dabarar tun asali. Idan ta rasa sabis ɗin kamfaninta, takan laluba na wani, har ta rubuta a fuskarta cewa kiran gaggawa kaɗai za a iya yi. Abin da ya rage shi ne kamfanin da ke da ƙarfen ya buɗe mata ƙofa. A Amurka doka ta tilasta wa kamfani ya ɗauki kiran 911 ko da mai wayar ba abokin cinikinsa ba ne. A Ingila ma tun 2009 kiran 999 yana bin duk layin da ya samu.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, nauyin samar da lambar gaggawa. An ware 112, kyauta ce, ba sai da kati ba, kuma a 2019 aka buɗe cibiyar amsa kiran a Katsina, wadda ke miƙa shi ga 'yan sanda, 'yan kwana-kwana ko jami'an kiyaye haɗurra. A 2020 hukumar ta ba MTN da 9mobile izinin gwada yadda mai layin ɗaya zai yi amfani da sabis ɗin ɗayan. Abin da aka iya yi saboda kasuwanci, ai ran mutum ya fi cancanta a yi saboda shi.

Na san akwai maganar kuɗi, kuma ban raina ta ba. Wanda ya kafa ƙarfe a daji, yana zuba wa janareta man gas, yana biyan mai gadi, ba zai so kishiyarsa ta ci arziki a bagas ba. Shi ya sa bai kamata a bar lamarin a hannun kamfanoni su sasanta kansu ba, don babba zai tsawwala wa ƙarami farashi, ko ya yi ta jan ƙafa. Hukuma ta rubuta ƙa'ida ƙarara: a ɗauki kiran tukuna, lissafi ya biyo baya a kan farashin da ita ta yanka. A sa shi gaba da sauran kira in layi ya cunkushe. A kuma tura wa cibiya wurin da mai kiran yake, domin wanda ya ga jini sau da yawa ba ya iya kwatancen inda yake tsaye.

Sannan a gwada, ba a ofis a Abuja ba. A ba ma'aikaci waya ya je ƙauyukan Batsari, Safana da Jibiya, waɗanda suka ɗanɗana rashin sabis lokacin da aka rufe layuka a ƙananan hukumomi 13 a 2021. Ya biyo ta Kwangwalam, inda waya kan tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar kana tsaye a ƙasarka. Ya buga 112 da kowane layi, a buga sakamakon a jarida, wanda ya gaza a ci shi tara.

Ina roƙon 'yan majalisarmu na Katsina su ɗauki maganar nan zuwa zaure. In masu gwajin sun zo, su neme mu a tashar Daura, mu direbobi mun san duk kwanar da sabis ke ɗaukewa.

Naku,
wani direba daga Daura